Yawon Keke da Surukina a Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki surukina yawon keke, ko da kuwa zan so a ce na manta. Har yau in mota ta bi da ni ta wani titi a Deira, sai in sunkuyar da kai in kama latsa waya, kamar titin zai gane ni.

Ni mutumin Kano ne, ina aiki a ƙasar Larabawa, a wani babban sito a unguwar Al Qusais, kuma aikina shi ne kiyaye haɗurra. Ni ne mutumin nan mai riga mai ƙyalli da ke tara ma'aikata da safe yana gaya musu kada su tsaya ƙarƙashin kaya, kada su shiga lungu ba tare da sun sanar da wani ba. (Ku riƙe wannan a ranku, don ku san irin mutumin da abin ya faɗa wa.)

Lokacin da matata Sa'adatu ta haihu, mahaifiyarta ta zo mata jego, mahaifinta kuma ya rako ta, da niyyar a duba masa idonsa a asibiti. Baba tsohon malamin gona ne daga Gumel, dogo siriri, mai furfura a gemu, ba ya magana sai da dalili. Sa'adatu ce 'yar farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, ni ma albarkacinta bai taɓa kiran nawa ba. Ni a wurinsa "Malam" ne. Tun da aka ɗaura mana aure, hirarmu ba ta wuce ina kwana, ya aiki, ya mutanen gida. To ku auna zaman suruki da suruki a fulat mai ɗaki biyu da falo kamar tafin hannu. In na ji motsinsa a falo sai in maƙale a kicin ina wanke kofin da yake a wanke. Shi ma, na lura, in ya ji tahowata sai ya fita baranda ya kama kallon motoci.

A barandar nan kuwa kekena yake. Keken tsere ne, mara nauyi, mai siraran tayu, wanda na saya a shekarar da likita ya ce tumbina ya fara yi mini gaba. Na hau shi kamar abin arziki na ɗan lokaci, daga nan ya zama wurin shanya tawul.

Wata rana da yamma na dawo daga aiki na tarar da Baba a tsugune gaban keken, yana matsa tayar da babban yatsa. Na yi sallama zan zame, sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Malam, wannan dokin naka yunwa yake ji."

Na ce, "Eh Baba, aiki ne ya yi yawa."

Ya juya feda da hannu, ya saurari ƙarar sarƙar. Sai ga Baba yana ba ni labari. Ya ce a zamanin aikinsa keke ne ofishinsa, da shi ya zaga ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari, da buhun iri a baya, cikin yashin da sai ka sauka ka tura. Ya ce akwai damunar da ya ɗauki keken a ka ya tsallaka fadama, ruwa iya ƙirji. Ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba. Daɗi ya kwashe ni, bakina ya riga hankalina, na ce, "Ai Baba in kuna so sai mu zaga bakin teku a keke."

Na ɗauka zai ce a'a, tsufa ya zo. Sai ya ce, "To."

Na aro masa keke wurin maƙwabcinmu, wani ɗan Filifin mai kirki. Keke ne na gargajiya, mai faɗin sirdi da kwando da ƙararrawa. Da yammacin Juma'a muka gwada a hanyar kekuna ta Jumeirah. Baba ya tura ƙafar wandonsa cikin safa, ya ɗora hular kwano, ya yi bisimilla ya hau. Wallahi sai ka ce ruwa ne ke tafiya. Ba ya sauri, ba ya karkata, bayansa a miƙe, iska na kaɗa kaftaninsa, Turawa masu tsere suna wucewa suna ɗaga masa hannu yana amsawa da ƙararrawa. Da muka kai inda na yi niyyar juyawa, ina haki a ɓoye, sai ya dubi teku ya dube ni ya ce, "Iyakarta ke nan?"

Wannan tambayar ce ta jawo komai. Na ce a raina, lallai sai na nuna wa bawan Allahn nan teku na gaske. Na shirya mana tafiya: mu hau bas daga Deira zuwa Fujaira da kekunanmu, daga can mu bi gaɓar teku a keke har Khor Fakkan, inda duwatsu ke gangarowa su tsoma ƙafa a ruwa, mu dawo da yamma. Lokacin sanyi ne, rana ba ta cizo.

Saura maganar kaya. Ina da kayan tsere da na saya tare da keken: riga mai ɗame jiki, launin ruwan lemo, da gajeren wando baƙi mai kama fata kamar an shafa shi da buroshi, da wani soso a mazaunai. Da safiyar Asabar na saka su na tsaya gaban madubi. Sa'adatu tana shayar da jaririya ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Haka za ka fita gaban Baba?"

Na ce, "Kayan sana'ar ke nan. Iska ba ta riƙe mutum."

Ta ce, "Iska kam ba za ta riƙe ka ba. Kunya ma da alama ta sake ka."

Don a zauna lafiya na zura jallabiya a kai, da niyyar in cire ta sai mun isa inda ba wanda ya san mu.

Maƙwabcin namu ya sauke mu a tasha da motarsa ta ɗaukar kaya. Tashar cike take: ma'aikata masu komawa bakin aiki, mata da yara, da masu kwalaye ɗaure da igiya waɗanda da gani daga kasuwar Murshid Bazaar suka kwaso su. Direban bas ɗin wani ɗan Pakistan ne mai jan gemu na lalle. Ya zaga kekunan, ya shafa gemu. Na riga na shirya dogon jawabi na roƙo, amma bai bari na fara ba. Ya ce in dai za mu cire tayoyin gaba mu tura kekunan can ƙurya yadda ba za su tare wa mutane wuri ba, babu matsala. Ya dubi Baba ya dafa ƙirji ya ce, "Hajji, kai ma za ka tuƙa?" Baba ya gyaɗa kai. Direban ya yi murmushi ya ce masha Allah. Mutumin kirki ne, ina so a san wannan tun yanzu.

Na cire tayoyin. Baba ya sunkuya zai taya ni, na ce, "Haba Baba, ku hau ku kama mana wuri, wannan aikin yara ne." Sai na dubi farar jallabiyata, na dubi baƙin man sarƙa, na ga ba za su haɗu lafiya ba. Na faki ido na tuɓe ta da sauri, na naɗe, na miƙa wa Baba tare da 'yar jakata mai waya a ciki. Ya karɓa idonsa na kan wani gini can nesa, kamar ginin ya ba shi sha'awa ƙwarai. Ya hau.

But ɗin irin waɗannan bas-bas ɗin, wato wurin zuba kaya, a ƙasa yake, ƙarƙashin kujeru, da murfi a gefe wanda ake ɗagawa sama. Yana da zurfi, amma ba ya da tsawon da mutum zai zauna a miƙe. Na tura nawa keken ya shige. Na tura na Baba, feda ta maƙale a wani ƙarfe. Na ja, na tura, ta ƙi. Mutane na bayana da akwatuna suna jira. Wani mai hankali da sai ya ce wa direba ga abin da ake ciki. Ni kuwa sai na durƙusa na rarrafa ciki, na wuce keken farko, na kwanta a gefe ina lalubar fedar.

Masu jira suka ga hanya ta buɗe, suka fara zuba kaya. Akwati, kwali, wani akwatin, buhu. Ina ganin haske yana raguwa, amma na ce bari dai in ƙarasa. Na ciro fedar, na yi hamdala, na juyo, sai na tarar an gina mini katanga. Ta 'yar kafar da ta rage na hango ƙafafun direba, na kuma ga murfin yana saukowa.

A nan ne ya kamata in kurma ihu. Na san haka, ni da nake koyar da shi. Amma Baba yana zaune a saman kaina, taga a kusa, kuma ɗan mutunci ba ya ihu gaban surukinsa. Saboda haka abin da ya fito daga bakina shi ne wata siririyar murya, cikin ladabi, "Salamu alaikum."

Murfin ya amsa da ƙarar rufewa. Duhu ya rufe ni.

Na ce ba komai, yanzu wani zai zo da kaya a buɗe. Sai na ji injin ya ɗauka, ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashina, bas ta ja baya, ta juya, ta miƙe. A lokacin na manta da ladabi. Na yi ihu da Hausa, na yi da Turanci, na yi da ɗan Larabcin da na tsinta a kasuwa, na doki rufin da tafin hannu. Injin ya fi ni murya. Duk kwanar da aka sha sai wani kwali ya taho ya gaishe da haƙarƙarina, wani buhu kuma mai warin busasshen kifi ya zo ya kwanta a kafaɗata kamar mun saba. Zafi ya fara taruwa. Na tuna tafiyar ba gajera ba ce, akwai hamada da duwatsu a tsakani, kuma bas ɗin ba lallai ta tsaya ba. Tsoro na gaske ya kama ni. Na tuna jaririyar da ko wata biyu ba ta yi ba. Na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Kuma (Allah Ya yafe mini) a tsakiyar wannan tashin hankali abin da ya fi damuna shi ne, in ajali ne, a cikin wannan wandon za a same ni.

Can bas ta tsaya, da alama a danja, ƙarar injin ta lafa. Hannuna ya faɗa kan wani abu mai sanyi, ashe ƙararrawar keken Baba ce. Na kama ta da dukan ƙarfina. Ƙilin-ƙilin, ƙilin-ƙilin, kamar mai tallan ƙanƙara ya shigo unguwa. Bas ta sake tashi, amma ba ta yi nisa ba sai na ji ta ratse ta tsaya. Na ji takun ƙafafu da muryoyi. Murfin ya ɗaga, haske ya shigo, aka fara janye akwatuna.

Wurin ya yi ƙunci, ba halin juyawa, saboda haka da baya na fito. Abin da duniya ta fara gani daga gare ni shi ne sosan nan. Sannan rigar ruwan lemo da ta naɗe ta koma hammata ta bar tumbi a fili. Sannan fuska, da zanen baƙin mai tun daga goshi har haɓa. Na miƙe a gefen titi a tsakiyar Deira, gaban shagunan masu aika kaya ƙasashen waje, ina warin kifi. Kowace taga ta bas ɗin da fuska a jikinta. Masu tura kaya a kura sun tsaya. Wani mai shayi ya fito da buta a hannu.

Direban ya riƙe kansa da hannu biyu, yana ta cewa, "Habibi, me ya sa? Me ya sa ba ka yi magana ba?" Na ga tsoron da ke idonsa, na san yana tunanin aikinsa da iyalinsa ne, kuma ba shi da laifin komai. 

Baba yana tsaye a gefensa. Bai yi dariya ba, bai yi salati ba, bai tambaye ni komai ba. Ya warware jallabiyar, ya ɗaga ta da hannu biyu a tsakanina da tagogin bas, kamar labule, ya kau da kansa gefe har na zura. Sannan ya miƙo mini gorar ruwa ya ce, "Sha, Malam." Ya juya ga direban ya kama hannunsa, ya ce masa da Turancinsa na mutanen da, a nutse, kuskuren namu ne, ya yi haƙuri, Allah Ya tsare, magana ta ƙare. Direban ya ce, "Khalas, Hajji?" Baba ya ce, "Khalas." Ban san ma ya iya kalmar ba.

Shiga cikin bas ɗin ya fi fitowa daga but wuya. Na bi ta tsakanin kujeru kaina a ƙasa, wani ya fara tafi, wasu suka taya shi. Na zauna kusa da Baba na ƙura wa bayan kujera ido. Ina cikin addu'ar Allah Ya sa babu mai jin Hausa a motar, sai na ji murya daga kujerar baya: "Sannu, ɗan'uwa. Ka sha wuya."

Wata mata ce mai tabarau, ta ce sunanta Rifkatu, 'yar Kafanchan, nas ce a Fujaira. Ta miƙo mini jiƙaƙƙen tishu ta ce in goge fuska, ta tambaya ko ina jin jiri. Da Baba ya rufe ido yana jan carbi, sai ta matso ta rage murya.

Ta ce, "Tun kafin mu ji ƙararrawar babanka ya tashi. Mota na fita tasha ya leƙa taga bai gan ka ba, ya duba kujeru bai gan ka ba. Bai yi hayaniya ba. Ya tafi gaba yana dafa kujeru, ya tsaya kan direba. Direba ya ce ya zauna, an hana tsayawa a nan, wataƙila ka tsaya sayen ruwa ne mota ta bar ka, ka biyo ta gaba. Shi kuwa ya ce a'a, ba za ka tafi ka bar shi ba tare da ka faɗa masa ba, ba halinka ba ne. Ya ce, ɗana yana ƙarƙashin motar nan, ka tsaya. Sai ga ƙararrawa."

Na ce, "Surukina ne."

Ta ce, "To, shi dai ɗansa ya ce."

Na juya na kalli taga. Mun fita daga gari, jan yashi ya fara bayyana.

Mun yi yawonmu. A Fujaira na ɗaura tayoyin, na ɗaure jallabiyar a ƙugu, don na riga na yanke shawarar ba za ta sake barin jikina ba. Muka kama hanya, teku a damanmu, baƙaƙen duwatsu a hagu. Baba na gaba da tafiyarsa ta ruwa, ina biye ina haki. In ya ga na yi nisa a baya sai ya tsaya ya kama kallon wani abu, jirgin ruwa ko gonar dabino, har in iso, sannan ya ce, "Ka ga yadda suke ba dabinon nan ruwa?" kamar don shi ya tsaya. A wani wuri muka tarar da masunta suna jan koma, ya sauka ya tsaya yana kallonsu da hannu a baya. A Khor Fakkan ya tuɓe takalmi ya shiga ruwa iya idon sawu, ya ɗebo da tafi ya ɗanɗana, ya yi murmushi ya ce, "Duk wannan ruwa, ba mai shuka gero da shi." Muka yi sallah, muka ci kifi da shinkafa, muka sha shayin karak mai kaurin madara. Ya ba ni labarin ranar da aka haifi Sa'adatu, yana wani ƙauye, yadda ya tuƙo keke ba tsayawa, da ya iso ƙofar gida kuma kunya ta hana shi shiga. Maganar but kuwa ko da wasa bai ɗauko ta ba.

Sai da muka zo hawa motar dawowa. Na cire tayoyi, na sunkuya zan tura kekunan, sai na ga inuwa a kaina. Baba ne ya zo ya dafa murfin but ɗin da hannu ɗaya, kamar mai hutawa, yana kallon sama. Bai ɗauke hannun ba sai da na miƙe na ja da baya.

Da muka iso gida Sa'adatu ta tare mu a falo, ta shinshina iska, ta dubi tabon man da ya rage a kunnena.

Ta ce, "Baba, ya hanya? Bai ba ku wahala ba dai?"

Na kasa kunne. Baba ya zauna, ya karɓi jikarsa, ya gyara mata hula, sannan ya ce, "Lafiya lau. Mijin naki akwai riƙon amana. Keken aro ne, bai yarda ya bar shi shi kaɗai ba."

Ta ce, "Ai haka yake," har da 'yar alfahari a muryarta.

Baba ya koma Gumel da sabon tabarau, kuma har yau ban ji labarin daga bakin kowa a dangi ba. Sa'adatu ma daga bakina ta ji, bayan an daɗe, ta yi dariya har ta zame daga kan kujera. Abin da na koya dai shi ne, kunya ado ce, amma in ka ga ƙofa na rufuwa da kai a ciki, ba lokacin sallama ba ne. Ka yi ihun tun da wuri, mutum biyar su ji ka. In ka tsaya jan aji, bas guda ce za ta kalle ka, kuma ta baya za ta fara.